Ranar da Inna Ta Fita Kallon Dabino

Ni ɗan fari ne, kuma har Allah ya karɓi ran mahaifiyata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai" take ce mini, ko "wannan". Da na girma na fara tuƙi sai na koma "mai mota". Idan maƙwabciya ta leƙo tana nemana, sai Inna ta ce, "Mai mota ya fita," ta ci gaba da tankaɗenta. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Duk gidan Hausawa da na sani a Madina haka ake yi: ɗan fari ana jin kunyarsa, iyayensa ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane. Ashe wannan abin da na tashi a cikinsa shi ne zai kusa raba ni da matata da ɗana.

A tsakiyar shekarun saba'in ina jan wata tsohuwar babbar mota, ina ɗauko dabino daga Badr zuwa kasuwar Madina. A cikin manoman da nake ɗaukar wa kaya akwai wani dattijo Balarabe, gajere, mai saurin magana. Gonarsa ba ta da girma, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, duk mata ne, don haka da tsufansa shi yake hawa dabinon. Ranar da na fara ganinsa a can sama, igiya a ƙugu, ƙafafunsa na rawa, kasa haƙuri na yi. Na tuɓe takalmi na ce ya sauko in hau. Ban iya ba, na kusa karya wuyana, shi kuma ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar muka saba, duk zuwan da zan yi sai na sha gahawa a gidansa.

Inna takan ba mu labarin yadda ake zance a ƙasar iyayenmu, saurayi ya je ƙofar gida a shimfiɗa masa tabarma, yarinya ta fito. Mu nan ko inuwar yarinya ba ka gani. A gidan dattijon abin da na gani hannun ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne kawai, yana turo tiren gahawa ta bayan ƙofa. Sai kuma wani ƙaramin kwando da ake ajiye mini daban, a ce na direba ne. Da farko dabino ne irin na kowa. Daga baya sai na lura an fara tsince mini manya marasa tabo, har wata rana na tarar duk an cire musu ƙwallo. Ba wanda zai zauna ya cire wa direba ƙwallon dabino don neman lada kawai. Ni kuma da zan mayar da kwandon sai na sa ƙullin yajin da Inna ke dakawa. Ina zaune da dattijon na ji an ƙware da tari a bayan ƙofa, tarin ya koma dariya, ana ta ƙoƙarin danne ta. Iyakar zancen da na yi da matata kafin aure ke nan, kuma wallahi ya ishe ni.

Da na nemi aurenta, dattijon ya ce in ba shi lokaci. Shi kansa ya yarda, uwar yarinyar ce ta kafe. Da yake mutum ne da ba ya iya riƙe magana a ciki, duk abin da ta faɗa sai da ya kawo mini shi da zafinsa. Ta ce ni Takaruni ne, sunan da suke kiranmu da shi ke nan, mu da iyayenmu suka zo aikin hajji daga yamma suka zauna. Ta ce baƙar fata ba sa riƙe 'ya'ya. Su haifa su watsar, wannan a ba gwaggo, wancan a ba kaka, uban kuma wata rana ya hau jirgi ya koma ƙasarsu. Har da misalinta, wani da ya taɓa aiki a gonar maƙwabta ya yi aure ya gudu ya bar mace da goyo.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ɗaya ya gudu, an ɗora wa kowa mai launin fatata. Ni kuwa na san fararen da suka yi fiye da haka, ba wanda ya ce halin Larabawa ne. Kuma wace ƙasa zan koma? A hanya aka haife ni, a gonar auduga a Sudan, a Madina na yi wayo, kabarin mahaifina a nan yake. Na gaya wa dattijon haka. Ya dafa ni ya ce, "Ya waladi, ɗana, sahu ɗaya muke tsayawa a salla ni da kai." Yarinyar ma da aka tambaye ta ba ta yi nuƙu-nuƙu ba. Uwar ta haƙura ba don ta so ba, aka ɗaura aure.

Muka zauna a gidanmu na wajen Aƙiƙ tare da Inna. Zama ne mai daɗi. Matata ta koyi Hausa a bakin murhu, ta iya tuƙa tuwo har ba gudaji, Inna kuma ta koyi shan gahawa mai ɗaci tana yamutsa fuska tana miƙa kofi a ƙara. Matata tana jin ana ce mini "mai mota", ta ɗauka tsokana ce, har ita ma takan faɗa idan tana son ta ja ni. Da cikinta ya tsufa ta koma Badr wurin uwarta, don a wannan al'adarmu da tasu ba su saɓa ba. Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi namiji.

A wurinsu, ranar bakwai uba ne yake karɓar jariri a tsakiyar maza, ya yi masa kiran salla a kunne, ya faɗi sunan da ƙarfi har mata su ji daga ciki su rangaɗa guɗa. A wurinmu kuwa, idan haihuwar fari ce, uban yaro ɓacewa yake yi. Ya kawo rago, ya raɗa wa wani babba sunan, ya sulale. Wanda aka gani yana washe baki a taron sunan ɗansa na fari, to, iyayensa aka zaga. Ni ban san tasu ba, su ba su san tamu ba, kuma ba wanda ya yi tunanin akwai abin tambaya. Inna da za ta iya hango matsalar tana kwance a Madina da ciwon ƙafa.

Na kawo raguna masu ƙiba, na raɗa wa limamin unguwarmu sunan, shi da ya rako ni, sannan na bi ta bayan gona na je na zauna a inuwar motata. Farin cikin da nake ciki ranar ban taɓa jin irinsa ba. Ina zaune ni kaɗai ina murmushi kamar wanda ya zare, har hawaye na yi. A can kuwa an riƙe jariri ana ta cigiyata, an duba masallaci, an duba bakin rijiya. Limamin, da yake shi ma Bahaushe ne, ya ga ba komai ba ne, ya ce da su a ci gaba kawai. A ƙarshe surukina ne ya karɓi yaron ya yi abin da ya kamata uba ya yi. Ni da na ji guɗar daga nesa ba ta da ƙarfi, cewa na yi ko haka matan Badr suke yin tasu.

Tsakanin suna da arba'in duk zuwan da na yi ɗaukar kaya sai na shiga gidan. Gidan kullum cike da mata, ga surukata zaune a gefen gado. Matata ta miƙo mini yaron, ni kuma in ja da baya in kama kallon rufin ɗaki. In ce, "Yaya jiki? Yaya wannan?" Surukina da ya samu jikan da ya daɗe yana roƙo, sai ya fara kirana da sunan yaron kamar yadda suke yi, Abu wane, ni kuma in yi kamar ban ji ba. Alhali da wutsiyar ido na gama haddace yaron nan. Na san kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe irin nawa, na san yadda yake dunƙule hannu idan zai yi atishawa. Ina tuƙi a hanya shi nake gani.

Arba'in ta cika, na je ɗaukar iyalina, surukata ta ce jikin bai yi ƙwari ba tukuna. Na dawo, ta ce yaron yana mura. Na sake dawowa, sai surukina ya tare ni tun a bakin gona, ya ja ni ƙarƙashin wani dabino. Bai yi dariya ba ranar.

Ya ce, "Ya waladi, ni na tsaya maka a gaban kowa. Yanzu ba ni da bakin magana. Ranar suna ka gudu. Ba ka taɓa ɗaukarsa ba. Sunansa ma ba ka taɓa faɗa ba. Uwarta ta ce abin da ta faɗa tun farko ne ya fara fitowa, kuma ba za ta bari 'yarta ta koma gidan da za a wayi gari uban ya ɓace ba. Gaya mini gaskiya, ba ka son yaron nan ne?"

Yaya za ka dubi surukinka ka ce masa son ɗanka ne ya hana ka taɓa shi? Bayanin kansa ma rashin kunya ne. Ga kuma haushi, don na ga kamar tun ranar ɗaurin aure zuba mini ido aka yi ana jiran in zama abin da aka ce. Sai kawai na ce, "Ya ammi, baba, Allah ya san zuciyata." Na hau mota na tafi, ko kayan ban ɗauka ba.

A gida Inna ta ajiye mini tuwo, na tsakura na ture. Ta dube ni ta ce, "Mai mota, ina mutanen?" Na yi ta kewaye-kewaye, ta yi ta jan zaren har ta zare labarin duka. Da safe na fito na tarar da ita zaune a ƙofar gida, ta yi lulluɓi, sandarta a hannu.

Ta ce, "Yalla, kai ni Badr."

Na ce, "Inna, ƙafarki fa?"

Ta ce, "A mota zan je ko a ƙafa?"

Aka karɓe mu da gahawa da dabino, don Balarabe ko yana fushi da kai sai ya ba ka gahawa. Muka zauna a ɗakin mai jego: Inna, surukata, matata da yaron a cinya, surukina a bakin ƙofa. Larabcin Inna na cefane ne, surukata kuma ba ta jin Hausa ko kaɗan, don haka ni aka sa tafinta. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Surukata ta jero laifuffukana ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina juya su zuwa Hausa da bakina: ya gudu ranar suna, ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa.

Inna tana ji tana gyaɗa kai. Da na gama sai fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe dai na yi tarbiyya."

Wannan kam ƙin fassarawa na yi, amma surukata ta ga murmushin, ta kuma ji hamdalar. Ta juya ta dubi mijinta, irin kallon nan na ka gani ko. Na ce a raina shi ke nan, Inna ta zo ta ƙarasa rushe abin da ya rage.

Matata ce ta yi magana, da Hausarta mai ɗan karkata. Tun shigowarmu ba ta ɗaga kai ba sai yanzu. Ta ce, "Inna, ke ma ban taɓa jin kin kira sunansa ba. Na ɗauka wasa ne."

Inna ta ce, "Wasa? Ɗan fari ne fa."

Matata ta juya ta gaya wa uwarta. Surukata ta ƙura wa Inna ido, ba ta yarda ba. Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ya Hajja, mene ne sunan ɗanki? Faɗa in ji."

Inna, tsohuwar nan da ba ta tsoron kowa a unguwa, wadda ko 'yan sanda suka tare ta sai ta gaya musu magana, sai ga ta ta ja mayafi ta rufe baki tana kallon ƙasa. Aka jira, ba ta faɗa ba. Can sai ta fara magana a hankali, ba ta kallon kowa, ni kuma ina bin ta da Larabci.

Ta ce, "Akwai wani yaro da na goya. Daga gonar auduga har bakin teku a bayana ya zo. Jirgin ruwa ya sauke mu a wani fili, ba gari ba rijiya, ya juya ya tafi. Ɗan ruwan da ya rage a salka, tsumma nake jiƙawa in matsa masa a baki, idan ya gama ni in tsotsi tsumman. Da muka iso cikin mutane zanen goyon ya manne da fatar bayana, sai da aka jiƙa shi aka ɓamɓare."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Na san an haife ni a hanya, iyakar abin da aka gaya mini ke nan. Ina cikin fassarawa, da na zo wurin tsumman sai muryata ta ɗauke. Matata ce ta karɓa ta ƙarasa wa uwarta.

Inna ta ce, "Wannan yaron ban taɓa kiran sunansa ba. Ki tambaye ni ko ina sonsa."

Surukata ta share ido da gefen mayafinta. Mace ce mai taurin kai, amma ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta tun farko. Ta ce, "Na ji, ya Hajja, kuma na yarda. Amma 'yata ba a can ta tashi ba. Duk ranar da ya juya baya bai taɓa yaron ba, sai ta yi kuka har abinci ya gagare ta. Yaron nan rabinsa namu ne. Mu a wurinmu ɗa da hannun ubansa yake sanin uban."

Na fassara. Inna ta kama juya kofin gahawa a hannunta. Na san abin da ake nema a gare ta, na kuma san ba za ta taɓa iya buɗe baki ta ce in ɗauki ɗana a gabanta ba. Ni ma ba zan iya ba.

Sai ta ajiye kofin ta laluɓo sandarta. Ta ce, "Mai mota, ce wa mai gidan nan ya nuna mini gonarsa. Ban taɓa ganin dabino a jikin bishiya ba."

Matar da ta fi rabin rayuwarta a Madina, wadda a ƙofar gidanmu ma akwai dabino da take korar yara daga jikinsa! Na fassara yadda ta faɗa. Surukina ya dube ta, ya dube ni, sai ya miƙe da sauri ya ce, "Ahlan, ya Hajja, bismilla." Ta fita tana ɗingishi da ƙafar da ko masallaci ba ta iya kai ta, ta ja ƙofa a bayanta.

Matata ta taso ta sa mini shi a hannu. Ban san yadda ake riƙewa ba, sai da surukata ta gyara mini gwiwar hannu ta tallafe kan. Yana da ɗumi, yana ƙanshin nono da turaren wuta. Ya buɗe ido ya dube ni ba tare da wani mamaki ba. Na sunkuya daidai kunnen nan mai lanƙwasa na raɗa masa sunansa.

Surukata ta ce, "Ban ji ba."

Na faɗa da ƙarfi. Sai ta rangaɗa guɗar da ta riƙe tun ranar suna, har yaron ya firgita ya fashe da kuka a hannuna, ni kuma na ƙi ba kowa shi sai da na jijjiga shi ya yi shiru. Ba shakka guɗar ta kai har cikin gona.

Daga ranar ni da surukata muka zama abu ɗaya. Duk wadda ta kawo mata maganar baƙar fata ba sa riƙe 'ya'ya, ita take fara taso mata, har ni ne nake ba ta haƙuri. A gidana kuwa muka raba abin biyu: idan Inna tana wurin, yaron "wannan" ne, idan ta shiga ɗaki ko ta tafi Harami, yana wuyana. Takan yi gyaran murya tun daga zaure kafin ta shigo, don in samu lokacin sauke shi.

Ranar dai tare muka komo, mu duka a gaban mota, matata a tsakiya, Inna a jikin taga da jikanta a cinya, don jika ba a jin kunyarsa. An cika mana baya da dabino. Mun yi nisa, matata har ta fara gyangyaɗi. Sai da fitilun Bi'ir Ali suka fara bayyana da magariba, motocin alhazai na ta wuce mu, sannan Inna ta yi magana, idonta a waje.

Ta ce, "Wannan ɗin da nauyi ko?"

Na ce, "Da nauyi, Inna."

Ta gyara wa yaron hula ta ce, "Haka wani ma yake."